Jerin Zaɓi Mai Bin Amsa: Abin da Makro Ke Iya Gyarawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Idan aka jera ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina bisa haruffa, yadda takardun gwamnati ke rubuta su, Ƙanƙara ce ta 19, Kankiya kuma ta 20. Babu kowa a tsakaninsu. A ƙasa kuwa ba haka abin yake ba: Ƙanƙara tana shiyyar Funtuwa, tare da Faskari da Sabuwa waɗanda suke raba kujerar majalisar wakilai ɗaya da ita, Kankiya kuwa tana shiyyar Daura. Yatsan mai buga bayanai ya ɗan zame kaɗan, an ɗauke mutum daga kudancin jiha an kai shi arewa, kuma fom ɗin zai fito tsaf, babu jan layi, babu gargaɗi.

Da wannan ya kamata a fara duk wata magana a kan jerin zaɓi, wato ɗan akwatin nan da kake dannawa a kwamfuta sunaye su zubo ka zaɓi ɗaya. An ƙirƙiro shi don ya hana kuskure, kuma yana hanawa. Sai dai kuskuren da ya tsallake shi ya fi wuyar ganewa a kan wanda aka yi da hannu.

Masu wannan aiki a shiyyar Funtuwa ba injiniyoyi ba ne. Yaron shagon kwamfuta ne da ke cika wa mutane fom, da akawun sakatariyar ƙaramar hukuma, da malamin da aka ɗora wa rajistar ɗalibai, da sakataren ƙungiyar manoma mai rubuta sunayen waɗanda za a ba taki, da ma'aikaciyar asibitin matakin farko mai haɗa rahoton wata. Duk tambayoyi guda suke maimaitawa daga safe zuwa yamma: wace jiha, wace ƙaramar hukuma, wace mazaɓa, wane ƙauye. Kuma yawancinsu da Excel suke yi. Makro shi ne ɗan jerin umarni da ake rubuta wa kwamfuta, ko a sa ta ta haddace yayin da mutum ke aiki, don ta riƙa maimaita aikin da kanta da dannawa ɗaya. Microsoft ya saka harshen VBA, wanda ake rubuta makro da shi, a cikin Excel tun 1993, dabarar ƙayyade abin da za a iya rubutawa a akwati kuma ta zo da Excel 97. Kayan aikin sun tsufa. Abin da bai yaɗu ba shi ne sanin yadda ake haɗa su.

Dalilin son jerin zaɓi a fili yake ga duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ƙirga abin da mutum biyar suka buga da hannu. Wani ya rubuta Sabuwa, wani Sabua, wani ya gajarta Faskari zuwa haruffa uku, wani ya bar tazara a ƙarshen kalma wadda ido ba ya gani amma kwamfuta na gani. Maibakko da Mai Bakko ƙauye ɗaya ne a wurin ɗan Sabuwa, a wurin Excel biyu ne. Ranar da aka ce a kawo adadin manoman kowace mazaɓa, sai a kwana ana gyaran rubutu. Jerin zaɓi yana kashe wannan matsala gaba ɗaya, domin kowa daga rubutu guda yake ɗauka.

Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta sunayen kai tsaye a wurin da Excel ya tanada, a raba su da waƙafi. Amma wurin haruffa 255 kawai yake ɗauka. Sunayen ƙananan hukumomin Katsina 34 da ƙyar suke shiga. In ka bar tazara bayan kowane waƙafi, sun yi yawa. Na Kano 44 ba su ma da hanya. Mazaɓun Katsina 361 kuwa, ko da za su shiga, wa zai zauna yana gangarawa cikinsu yana neman Ketare? A ƙasa baki ɗaya ƙananan hukumomi 774 ne, mazaɓu 8,809. Dogon jeri ba taimako ba ne, wahala ce aka sauya mata kama.

Nan ne jeri mai bin amsa ya shigo. A tashar Funtuwa, in ka ce Faskari za ka, ba wanda zai tsaya yana karanto maka garuruwan jiha. Layin motocin hanyar za a nuna maka, can ne yaron mota zai tambaye ka ko Mairuwa za ka sauka ko Sheme. Haka ake so akwatin ya yi. Ka zaɓi Katsina, na biyu ya nuna 34 kawai. Ka zaɓi Faskari, na uku ya nuna Daudawa, Mairuwa, Sheme, Tafoki, Ruwan Godiya da sauran 'yan uwansu. Ka zaɓi Ƙanƙara, ya kawo Ketare, Pauwa, Burdugau, Hurya. Ka zaɓi Sabuwa, sai Damari, Gazari, Machika, Sayau. Wani amfani da ba a cika lura da shi ba shi ne, jerin na biyu yana tsare na farko: wanda yatsansa ya zame zuwa Kankiya zai ga babu Ketare a mazaɓun da suka fito, sai ya farga.

Ba wannan ce kaɗai hanyar da jeri ke sauyawa ba. Akwai wanda ke girma da kansa: an ƙara sabon ɗalibi a rajista, sunansa ya bayyana a akwatin zaɓi ba tare da an taɓa komai ba. Akwai kuma wanda makro ke haɗawa a daidai lokacin da aka kira shi, misali ya leƙa cikin wata jakar fayiloli ya jero wasiƙun da ke ciki, a zaɓi wadda za a buga. Amma duk asalinsu guda: sunayen ba a cikin umarnin suke zaune ba, a wani wuri suke, makro zuwa yake ya karanto su. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin.

Dabarar da aka fi koyarwa a Excel ita ce a yi wa kowane rukuni laƙabi. A jera mazaɓun Faskari a wuri ɗaya, a sa wa wurin suna Faskari. A yi wa na Sabuwa haka. Sai a gaya wa akwatin mazaɓa ya yi amfani da INDIRECT, wato ya karanta abin da ke akwatin ƙaramar hukuma, ya je ya nemo rukunin da ke ɗauke da wannan laƙabi. Ba ya bukatar makro ko ɗaya, kuma yana aiki a tsohon Excel. Ga ƙananan hukumomi uku abin yana tafiya sumul. Ka faɗaɗa shi zuwa jiha, sai sunayenmu su fara yi masa gardama. Laƙabi a Excel ba ya yarda da tazara, ba ya yarda da karan ɗori, ba ya yarda da alamar hamza. Ke nan Dan Musa, Dutsin-Ma da Mai'adua duk sun faɗi, sai an yi musu kwaskwarima da SUBSTITUTE, a cire abin da ke hana su shiga kafin a miƙa wa INDIRECT. Bayan wannan ga wata: Katsina sunan jiha ne, sunan ƙaramar hukuma ne kuma. Laƙabi ɗaya ba zai zama jerin ƙananan hukumomi ya kuma zama jerin mazaɓu ba. Wanda ya yi nufin rufe ƙasa baki ɗaya zai tarar da Nasarawa a Kano da Nasarawa a Jihar Nasarawa, Bassa a Filato da Kogi, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo, Ifelodun da Irepodun kowanne a Kwara da Osun. Duk tsarin da ya ɗauka cewa suna shi kaɗai ya isa ya bambance wuri, ranar tonon asirinsa na nan tafe.

Shi ya sa ni ban ga dalilin ci gaba da koya wa masu farawa wannan hanya a matsayin ta farko ba. Wadda ta fi ta ita ce tebur guda, a shafi guda, kowane layi mazaɓa ɗaya: lambar jiha, sunanta, lambar ƙaramar hukuma, sunanta, lambar mazaɓa, sunanta. Mutum yana ganin suna, kwamfuta tana ajiye lamba. Hukumar zaɓe ta INEC haka take yi: lambar kowace rumfar zaɓe kashi huɗu ce, jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa, kuma Katsina ce ta 20. In an sauya rubutun suna gobe, lamba ba ta motsa ba, tsofaffin bayanai ba su watse ba.

Daga irin wannan tebur, sabon Excel yana ciro jeri da layin lissafi ɗaya. FILTER ya tsamo layukan da suka dace da abin da aka zaɓa, UNIQUE ya cire maimaici, SORT ya jera. Microsoft ya sanar da su a 2018, suna cikin Microsoft 365 da Excel 2021. Amma Excel 2016 da 2019 ba su san su ba, balle 2010 da 2013 da har yanzu ake samu a kan tsofaffin kwamfutoci. Mai gina fayil a kan sabuwar laftof a Katsina ko Abuja, ya aika wa akawu a Sabuwa, yana iya jin cewa jerin ya daskare a wuri ɗaya ko ya cika da saƙon kuskure. Tambayar farko kafin a rubuta komai ita ce: a kan wace kwamfuta za a yi aikin, kuma wane Excel ne a kai?

A nan VBA yake da amfani, domin yana aiki a tsoho da sabo. Ana zana ɗan fom mai akwatuna uku. Da an buɗe shi, makro ya bi teburin ya cika akwatin farko. Da an zaɓi wani abu a ciki, Excel ya sanar da makro cewa an yi sauyi. Makro ya share akwati na biyu da na uku, ya sake bin teburin, ya ɗora a na biyu abin da ya dace da sabon zaɓin kawai. Umarnin da ke sharewa sunansa Clear, mai ɗorawa AddItem. Duk abin bai kai shafin takarda ba. Ana kuma iya sa akwatin ya riƙa cika suna da zarar an buga haruffan farko, abin da ke rage gangarawa da linzami, inda yawancin zamewa ke faruwa.

Sharewar nan ita ce zuciyar aikin, kuma ita aka fi mantawa. Ga yadda abin ke faruwa a shafin da aka gina da INDIRECT ko FILTER ba tare da makro ba. Akawu ya zaɓi Ƙanƙara, ya zaɓi Ketare. Sai mai fom ya ce, “A'a Malam, ni ɗan Faskari ne, zama ne kawai ya kawo ni nan.” Akawu ya koma ya sauya ƙaramar hukuma zuwa Faskari, wani ya yi masa magana, ya wuce layi na gaba. Akwatin mazaɓa yana nan da Ketare. Excel ba ya komawa ya sake bincikar abin da aka riga aka shigar. Lokacin shigarwa kawai yake tsaye a ƙofa. Yanzu rajista na ɗauke da mutumin Ketare ta Faskari, wurin da babu shi a duniya, kuma kowane suna a layin an rubuta shi daidai. Maganin ɗan makro ne da ke sauraren sauyi a shafi: duk lokacin da akwatin uwa ya sauya, ya goge na 'ya'ya. Akwai tarko ko a nan. Gogewar ita ma sauyi ce, tana iya sake tayar da makron. Don haka ake kashe sauraren da EnableEvents kafin a goge, a kunna bayan an gama. In kuskure ya tsayar da makron a tsakani, sauraren zai zauna a kashe, jerin ya daina bin amsa shiru, babu wanda ya sani sai an rufe Excel an sake buɗewa. Mai rubutun kirki yana tanadar hanyar da ko an yi tuntuɓe, sai an kunna kafin a fita.

Kwafa da liƙawa ma ƙofar baya ce. In aka kwafo akwati daga wani shafi aka liƙa a kan mai jerin zaɓi, yana zuwa da nasa tsarin ya danne wanda ke wurin. Mai sauri, da rana ta yi zafi kuma man janareta na ƙarewa, haka zai yi. Fom na VBA ya fi tsaro ta nan, domin mai aiki ba ya taɓa shafin da hannunsa. Makro ne ke rubutawa bayan ya duba.

Sai kuma abin da akwatin ke nunawa kafin a taɓa shi. In an bar shi a kan suna na farko, duk wanda aka manta ba a zaɓa masa ba ya zama ɗan Bakori, ko a jerin jihohi ɗan Abiya. Gara a bar shi wayam, makro ya ƙi ajiye layin sai an zaɓa. Wasu masu shago ba sa son haka, suna cewa yana ɓata lokaci, tunda goma cikin goma na masu zuwa 'yan gari ne. Suna da hujja a matakin jiha. A matakin mazaɓa ba su da ita.

Haruffanmu masu lanƙwasa suna da nasu rikicin. Akwatin shafin Excel yana karɓar ƙ, ɗ da ɓ lafiya lau. Wurin rubuta umarnin VBA kuwa bai san su ba: ka liƙa Ƙanƙara a ciki, ka ga alamar tambaya a gurbin kowace ƙ. Ɗan saƙon da MsgBox ke fitarwa ma haka yake yi. A wurin rubuta umarnin, ana iya zagayewa da ChrW, a kira harafi da lambarsa, 408 ga babbar Ƙ, 409 ga ƙarama, 599 ga ɗ, 595 ga ɓ, amma wanda ya ajiye sunayensa a tebur bai ma bukaci wannan wahala ba, tunda makro karantowa kawai yake yi. Ga wani abin da ke ba sababbi mamaki: a Excel, alamar hamza a farkon akwati umarni ce da ke cewa abin da ke biye rubutu ne, don haka ba ya nuna ta. Ka buga 'Yankara, ya nuna Yankara. Ka buga 'Yarmalamai, ya haɗiye alamar. Sai ka buga ta sau biyu kafin ɗaya ta tsaya. In an yi haka a wani layi ba a yi a wani ba, an sake samun ƙauye biyu daga ɗaya. Shawarar da ta fi ita ce a ba kowane wuri gurbi biyu a tebur: rubutun da shafukan gwamnati ke karɓa, da rubutun Hausa na gaskiya. Na farko a tura wa fom ɗin intanet, na biyu a nuna wa mai karatu ko a buga a takarda. Lamba ce ke ɗaure su.

Makro ba a Excel kaɗai yake ba. AutoHotkey, wanda Chris Mallett ya fitar a 2003, kyauta ne, kuma yana sarrafa Windows gaba ɗaya: a danna maɓalli biyu, ɗan jeri ya fito a duk inda ake aiki, a Word ko a shafin intanet, a zaɓa, ya buga. Yana iya karanta sunaye daga fayil ɗin rubutu ya gina jerin nan take. Masu Mac suna da Keyboard Maestro mai irin wannan aiki, amma a nan Windows ce ke da kasuwa. Mai sayen hatsi a kasuwar Sheme da ke rubuta ciniki zai iya yin jerin da in ya zaɓi masara ko dawa ko waken suya, na gaba ya tambaye shi buhu ko tiya, ya ɗauko farashin ranar daga fayil ɗin da yake gyarawa kowace safiya. Abin da ke da haɗari shi ne makron da aka koya wa cika fom ɗin intanet ta hanyar ƙirga, wato “sauka layi na 19 ka danna.” Ranar da masu shafin suka ƙara layi ɗaya a sama, na 19 ya zama Kaita, ranar da suka rage ɗaya, ya zama Kankiya. Makron ba zai tsaya ba, ba zai yi ƙorafi ba, zai ci gaba da sauri fiye da kowane mutum. Makron da ke buga sunan, sannan ya karanta abin da ya tsaya a akwatin ya gwada da abin da aka so, shi ne za a iya bari ya yi aiki shi kaɗai.

Akwai tambayar inda teburin zai zauna. Matasa masu ilimin zamani za su ce a intanet, kowa ya ɗebo daga tushe guda. A Legas amsa ce mai kyau. A nan an tuna Satumbar 2021, lokacin gwamnatin Aminu Bello Masari, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, aka kuma shafe watanni a haka. Ko babu umarnin gwamnati, sabis a ƙauyukan yamma da ke kusa da daji ba abin dogaro ba ne. Jerin da sai ya leƙa intanet kafin ya buɗe ba na yankin nan ba ne. Masu manhajojin tattara bayanai irin su ODK da KoboToolbox sun daɗe da fahimtar haka: jerin yana sauka cikin waya tare da fom, ana tace shi a can, a tura amsoshi in an samu sabis.

Amma kwafin da ke zaune a kwamfuta yana tsufa. A 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe daga kusan 120,000 zuwa 176,846. Duk jerin rumfunan da aka yi kafin nan ya zama rabin gaskiya dare ɗaya. Makarantu suna buɗewa, wasu a haɗe su, asibiti ya sauya matsayi. In fayil ya yaɗu ta filashi daga shago zuwa shago, cikin shekara guda za a sami iri huɗu ko biyar, kowa ya ƙara nasa. Ƙaramin abin da zai taimaka shi ne a rubuta ranar da aka sabunta teburin da inda aka samo shi, makro ya riƙa nuna su a gindin fom. Babban abin kuwa ba aikin makro ba ne: a san mutum ɗaya da ke da ikon ƙarawa da ragewa, a kulle shafin ga sauran.

Ƙasa da mazaɓa abin ya fi cakuɗewa, domin ba bishiya ɗaya ba ce. Ta INEC daban: mazaɓa, rumfa. Ta sarauta daban: hakimi, dagaci, mai unguwa. Ta lafiya, a manhajar DHIS2 da Najeriya ke amfani da ita, tana gangarowa daga jiha zuwa ƙaramar hukuma zuwa mazaɓa zuwa asibiti. Dattijon da ka tambaya mazaɓarsa yana iya gaya maka ƙasar dagacin da yake biyan gaisuwa, kuma bai yi ƙarya ba. Fom ɗin da ya cusa su duka cikin jeri guda zai tilasta wa akawu ya yi ta kirdado.

Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu suka dawo cikin garin Faskari, Ƙanƙara ko Funtuwa. Akwati ɗaya mai taken “mazaɓa” bai ishe su ba: ta asali ake nufi ko ta zama? In rabon taki ne, gonar tana can. In allurar rigakafi ce, yaron yana nan. Jeri biyu ake bukata, kowanne da takensa a sarari. Kuma a matakin ƙauye dole a bar ƙofa: zaɓi na ƙarshe da ke cewa “babu a jerin,” wanda in aka danna shi makro zai buɗe wurin rubutu. Masu son tsabtar bayanai ba sa ƙaunar wannan ƙofa, suna cewa malalaci zai riƙa bi ta nan kullum. Gaskiya ne zai gwada. Amma in aka toshe ta, mutumin ƙaramin ƙauye ko rugar da ba ta cikin tebur zai sami ɗayan biyu: ko a ce masa “kwamfuta ba ta karɓa ba” ya koma gida, ko a jingina shi ga ƙauyen da ya fi kusa, wurin nasa ya ci gaba da zama babu shi a kowace takarda. Abin yi shi ne makro ya tara duk abin da aka rubuta ta wannan ƙofa a shafi na daban, mai kula da tebur ya duba duk mako, ya shigar da na gaskiya, ya gyara na lalaci.

Batun tsaro kashi biyu ne. Na farko na makron kansa. Tun ƙwayar cutar kwamfuta ta Melissa a Maris 1999, wadda ta yaɗu ta makron Word, masu ɓarna ke son wannan hanya. Daga Office 2007 aka ware fayil mai makro da ƙarshen suna .xlsm, a 2022 kuma Microsoft ya fara toshe makron duk fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet. Wanda aka aika wa fom ta imel zai ga jan gargaɗi, jerin kuma ba zai motsa ba sai an cire takunkumin daga bayanan fayil ɗin. Abin da bai kamata ba shi ne a buɗe ƙofa ga kowane makro don gudun wahala, a kwamfutar da filashi ashirin ke shiga a rana. Excel yana ba da damar a ware jaka guda amintacciya. A nan ya kamata fayil ɗin ya zauna.

Na biyu ya fi nauyi. Jerin mazaɓu ba sirri ba ne. Jerin sunayen mutane da ƙauyukansu da lambobin wayarsu da girman gonakinsu kuwa, a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, kaya ne mai haɗari. Jeri mai girma da kansa yana da daɗi, ka buga harafi biyu sunan manomi ya fito da duk bayanansa, amma ma'anar haka ita ce duk wanda ya kwafi fayil ɗin don yana son jerin mazaɓu ya tafi da mutanen ma. Najeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, kuma ba ta ware ƙaramin shago ba. Teburin wurare a fayil ɗinsa, wanda za a iya ba kowa. Rajistar mutane a nata, da kalmar sirri, ba ta fita daga kwamfutar da aka yi ta.

Kafin a miƙa irin wannan fom ga wanda zai yi aiki da shi, a zaunar da shi gaban kwamfutarsa, ba ta mai ginawa ba, a cire intanet. Ya zaɓi Ƙanƙara da Ketare, ya koma ya sauya zuwa Sabuwa, a ga ko Ketare ta ɓace. Ya gwada Mai'adua da Dutsin-Ma. Ya nemi 'Yankara. Ya yi ƙoƙarin ajiye layi bai zaɓi komai ba. Sannan a kawo masa wani ɗan ƙauyen da aka tabbata babu shi a tebur, a ga abin da zai yi da shi.